FILIN KIƊA DA WAƘA: Ɗaukar Waƙa Da Kwamfuta A Gida, Ta Ina Za A Fara?

A cikin takardun da ke zuwa wannan fili babu tambayar da ta fi yawan maimaituwa kamar wannan: yaro yana da murya, yana da waƙa a ka, ya kuma ji an ce yanzu da kwamfuta ake ɗaukar waƙa a cikin ɗaka, to ta ina zai fara? Ta baya-bayan nan daga Maiha ta fito, can kudu da Mubi a Jihar Adamawa, kan iyakarmu da Kamaru. Waɗansu samari ne suka ce sun tara 'yan kuɗinsu na gyaɗa da masara, suna shawara ko su kama hanyar Kano su biya a yi musu aiki, ko kuwa su sayi kaya su koya da kansu. Da su za mu yi makon nan, amma jawabin ya shafi kowane mai sha'awa, daga Sakkwato har Garwa.

Ya kamata na baya su san irin wahalar da na gaba suka sha. Tun daga 1877, da Thomas Edison ya ƙago na'urar ɗaukar magana a Amurka, har aka yi shekara 100 da 'yan kai, ɗaukar murya aikin masu hali ne. A zamanin su Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, mawaƙi ba ya jin muryarsa a faifai sai ya kwashi makaɗansa da 'yan amshinsa ya tafi gidan rediyo, ko kuwa wani kamfanin faifai irin su EMI ya neme shi. A jera su gaban makirfo, a ba da alama, su kama tun daga farko har ƙarshe. In wani ya yi tari a tsakiya, sai a koma tushe. Wanda bai sami wannan dama ba kuwa, waƙarsa ta bi shi kushewa.

Sauyi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofar fim. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, masu shirya fim suka bukaci kiɗa mai sauƙin kuɗi, sai situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka sayo fiyano ƙirar Yamaha, wadda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da amon ganga da na sarewa da na jita daga cikinta. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa cewa kasuwa ta juya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani. Daga fiyano aka gangaro kan kwamfuta, har titin Gidan Zoo a Kano ya cika da situdiyoyi. Yau abin da a da sai kamfani ke iya mallaka, ga shi ya shige jakar ɗan makaranta.

MECE CE MANHAJAR ƊAUKAR SAUTI?

Babu tsafi a cikinta. Makirfo yana mai da girgizar murya ta zama wutar lantarki, ita kuwa kwamfuta tana auna ƙarfin wannan wuta sau 44,100 a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Waɗannan lambobi su ne waƙarka. Da yake lambobi ne, ana iya yanka su, a kwafe su, a matsar da su, ba tare da sun gaji ko sun dushe kamar zaren kaset ba.

Aikin manhaja kuwa, ka dubi masaƙi. Yakan saƙa ƙyalle siriri-siriri, sa'an nan a ɗinke su gefe da gefe su zama gwado. Haka manhaja take shimfiɗa sauti layi-layi: ganga a layinta, kalangu a nasa, muryar jagora a nata, 'yan amshi a nasu. Kowane layi ana ɗaukarsa shi kaɗai, a gyara shi shi kaɗai, daga bisani a haɗa su su tashi tare. In jagora ya yi tuntuɓe a baiti na uku, baiti na ukun kaɗai za a sake. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar.

Manhajojin suna da yawa, amma ga waɗanda mai koyo zai fi cin karo da su. Akwai Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito cikin 2000. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tana tafiya ko a tsohuwar kwamfuta, kuma ta isa ga mai son ɗaukar murya da kayan kiɗa na hannu. Akwai FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka fara sani da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990. Gwana ce wajen jera kiɗa, shi ya sa samari suka fi son ta. Ana iya gwada ta kyauta, sai dai ta gwajin ba ta sake buɗe aikin da ka ajiye sai ka biya. Akwai Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, tun 1989 take, tana da zurfi, ta fi dacewa da wanda ya riga ya yi nisa. Akwai Reaper, ta 2006, wadda ake ba mutum kwana 60 ya gwada ta cikakkiya, kuma lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne a 2024. Wanda ba shi da kwamfuta ko kaɗan, akwai BandLab da ke aiki a kan waya.

Shawararmu ita ce mai koyo ya kama guda ɗaya ya zauna a kanta wata 3 cur. Yaron da ke tsalle daga wannan zuwa waccan kowane mako, shekara za ta zagayo bai gama waƙa ɗaya ba.

Akwai wata magana da tilas a faɗa, ko da ba ta da daɗi. Da yawa daga cikin manhajojin da ake tura wa mutane a shagunan gyaran kwamfuta na sata ne, an fasa musu makulli. Irin waɗannan sukan zo da cutar kwamfuta, sukan kuma ƙafe ana tsakiyar aiki. Ban da wannan ma, mawaƙin da gobe zai yi kuka cewa masu tura waƙa a waya sun cinye guminsa bai sami ko kwabo ba, da wane baki zai yi kukan in shi ma da kayan sata ya yi waƙar? Ta kyauta tana nan, ta halal ce, ta kuwa isa.

ABIN DA ZA A SAYA, DA WANDA ZA A BARI

To, ga amsar samarin Maiha. Kada ku sayar da iri don ku sayi na'ura, kada kuma ku ƙarar da kuɗinku a mota da masauki saboda waƙa ɗaya. Ku fara da abin da ke hannu, ku riƙa ƙarawa bi da bi.

Na farko kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, muddin batirinta yana riƙe wuta. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da alkawari, batir ya fi kyawun jiki muhimmanci. In ƙwaƙwalwar aikinta ta kai giga 8, madalla. Giga 4 ma tana ɗaukar Audacity.

Na biyu hedifon, watau abin sauraro na kunne, irin mai rufe kunne ruf. Dalili shi ne mai waƙa yana sauraron kiɗa yana rerawa, in kiɗan ya tsiyayo waje makirfo zai kwashe shi ya cakuɗa da murya, raba su kuwa aiki ne mai wuya.

Na uku akwatin sauti, wanda masu sana'a ke kira sawun-kad. Shi ne tsani tsakanin makirfo da kwamfuta. Mai ƙofa 2 ya isa. Yakan rage shuuu ɗin nan da ake ji in an soka makirfo kai tsaye, yana kuma rage jinkirin da ke sa mutum ya ji muryarsa tana biyo shi a baya. Waɗansu akwatunan ma sukan zo da ƙaramar manhaja ta halal a cikin kuɗinsu, sai a tambaya kafin a biya.

Na huɗu makirfo, kuma a nan ne aka fi yin asara. Iri biyu ne. Akwai kwandansa, irin wanda ake gani a hotunan situdiyo, mai bukatar wuta bolt 48 daga akwatin sauti. Kunnensa ya cika kaifi: zai ɗauki muryarka, ya ɗauki carar zakaran maƙwabta, ya ɗauki babur ɗin da ya wuce bakin kasuwa. Akwai kuma dainamik, irin na masu wa'azi da masu sanarwa, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966. Shi abin da ke kusa da bakinsa ya fi ji, yana kuma jure ƙura da faɗuwa. Wanda ɗakinsa ba shiryayye ba ne, dainamik ya fi masa rufin asiri. A dai yi hattara da jabu, gama sun cika kasuwa.

Manyan lasifikoki da fiyano mai tsada da fitilu masu launi, duk waɗannan su jira. In kuma akwai sauran canji, ku je Mubi ko Yola ko Kano ku nemi mai situdiyo ya bar ku ku zauna bayansa yini biyu kuna kallon hannunsa. Gani ya kori ji.

ƊAKI SHI NE RABIN MURYA

Mutane sukan ɗora wa makirfo laifin da na ɗaki ne. Ɗakin bulo mai daɓen siminti da rufin kwano, in babu kaya a ciki, murya takan bugi bango ta dawo, sai waƙa ta fito kamar a cikin rijiya aka yi ta. Ka tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙara ya biyo bayan tafin, ɗakin yana bukatar magani.

A nan mutumin karkara ya fi na birni sa'a. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa yana shanye sauti fiye da na siminti, sai dai in zagayayye ne kada a kafa makirfo a tsakiyarsa, don nan ne amo yake taruwa. Wanda na siminti gare shi, ya jingina katifa a bango bayan mai waƙa, ya rataya barguna, ya shimfiɗa darduma. Buhunan hatsi da aka jibge a kusurwa ma suna taimakawa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango kuwa ba ya hana ƙarar waje shigowa, wahala ce kawai.

Sai lokaci. Bayan sallar isha'i, sa'ad da gari ya yi tsit, ya fi tsakar rana. Da damina, in ruwa ya sauko kan kwano, a haƙura. Da hunturu a riƙa rufe kaya da zane saboda ƙura. In da janareto ake aiki, a kai shi nesa, a yi cajin kwamfuta, sa'an nan a kashe shi a cire waya a ɗauki murya da batir, don wutar janareto takan sa wani gunji a cikin sauti. Mai sola ya huta da wannan.

RANAR ƊAUKA TA FARI

Ka buɗe sabon aiki, ka ba shi suna da kwanan wata tun kafin ka taɓa kome. Ka sa makirfo kamar taƙi guda daga baki. Ka lanƙwasa waya ta zama zobe, ka ja siririyar safa a kanta, ka tsayar tsakanin baki da makirfo, don ta tare iskar haruffa irin su f da b da t.

Sa'an nan ka dubi ma'aunin ƙarfin sauti, mai kore da rawaya da ja. Ka sa mai waƙa ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, kai kuwa kana murɗa maɓalli har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin 12 da 6 ƙasa da sifiri. Kada ka yarda ya taɓa ja. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta fashe da wuya ta koma yadda take.

In an gama ɗauka sai haɗawa. Ka fara da daidaita ƙarfin layuka, har kowace kalma ta fito sarai a kan kiɗa, gama Bahaushe magana yake saurare a waƙa kafin kome. Ka tura waɗansu kayan kiɗa dama, waɗansu hagu, jagora a tsakiya. Amsa-kuwwa kamar gishiri take a miya, kaɗan ta isa. Daga nan ka saurari aikin a ƙaramar waya, ka saurare shi a rediyon mota da na mai shayi, don a nan jama'a za su ji shi. Ka ajiye uwar aikin a tsarin WAV, wanda minti ɗaya nasa yakan ci wajen mega 10, ka fitar da MP3 don rabawa.

KADA FIYANO TA HAƊIYE KALANGU

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Waɗannan manhajoji an ƙera su ne bisa kiɗan Turawa, in kuwa ba a lura ba sai su ja mai koyo zuwa can bai sani ba.

Dubi bugu. Allon jera kiɗa na FL Studio yakan buɗe da gurabe 16, watau bugu 4, kowanne an raba shi gida 4. Alhali kuwa kiɗanmu na gargajiya da yawa gida 3 bugunsa yake rabuwa, gurabe 12 yake bukata. Yaron da bai san ana sauya wannan ba zai yi ta tura kiɗan garinsu cikin ramin da ba nasa ba, ya rasa abin da ya sa tsofaffi ba su gyaɗa kai. Gyaran kuwa bai fi minti ɗaya ba.

Dubi kuma murya. Fiyano tana da amo 12 tsayayyu waɗanda suke maimaituwa. Goge da algaita da sarewar Fulani ba su san wannan iyaka ba, suna ratsawa ta tsakanin amo da amo. Kalangu kuwa, da matsa tsarkiya da sakinta yake hawa yana sauka, har ya kwaikwayi maganar mutum. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Wanda ya fara tsara kiɗa a fiyano sa'an nan ya cusa kalmomi a ciki da ƙarfi, sau da yawa yakan karya wannan kari. Magabata kalma suke farawa da ita, kiɗa ya bi ta.

Haka zancen Auto-Tune, manhajar da Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin binciken man fetur, ya fitar cikin 1997. Aikinta ta jawo muryar da ta kauce ta mai da ita kan amo mafi kusa. In an sa ta da sauƙi, gyara ce. In an ƙure ta, sai ta goge duk wata lanƙwasa da ta sa muryar wane ta bambanta da ta wane, kowa ya koma murya ɗaya kamar an buga su a injin bulo. Ranar da aka gayyaci irin wannan mawaƙi biki aka miƙa masa makirfo tsirara, ranar zai san zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka ka gayyaci mai kalangun unguwarku. Ka kafa masa makirfo kamar kamu ɗaya daga fatar, ka ɗauki hannunsa na gaske. Shi ya sami abin goro, kai ka sami amon da ba a sayar da shi a kowace kasuwa ta duniya.

AIKIN DA KE JIRAN SAMARI

Ƙasar Maiha, daga Mayo Nguli zuwa Pakka da Sorau da Belel, mahaɗar harsuna ce: ga Nzanyi, ga Fulatanci, ga Hausa, ga kuma na maƙwabta irin su Gude da Fali. Kowannensu yana da waƙoƙin noma da na aure da na makoki da na reno. Injin niƙa ya riga ya kashe waƙar niƙa a gidaje da yawa, don matar da ba ta durƙusa kan dutse ba ba ta da dalilin rera ta. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa kullum raguwa suke yi.

Mai koyo ba zai sami makarantar da ta fi wannan ba. Amma tsoho ba a ɗaukarsa yadda ake ɗaukar yaro. Kada ka sa masa hedifon, kada ka ce ya bi ƙyas-ƙyas ɗin ma'aunin bugu, domin kiɗansa yakan fara a hankali ya yi ta ɗumi har ya kai ƙarshe, wannan kuwa shi ne daɗinsa. Ka tara shi da mutanensa wuri ɗaya, ka kafa makirfo ɗaya ko biyu, ka bar su su yi yadda suka saba. 'Yan mata su ma suna da rabo babba a nan, gama su ke iya shiga cikin gida wurin iyaye da kakanni, inda namiji ba ya shiga, ko da waya ce a hannunsu.

Sharuɗɗa uku ne. Na ɗaya izini: a gaya wa mai waƙa abin da za a yi da ita, in za a sayar a rubuta rabonsa a takarda gaban shaidu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin Maris 2023, ta kare mai waƙa da mai kiɗa, ta kuma kare kayan al'adun gargajiya. In ya ce wannan waƙa ba ta fita waje ba ce, to ba ta fita ba ce. Na biyu rubutu: sunan mai waƙa da garinsu da harshen da ranar, da dalilin da ake yin waƙar. Na uku ajiya: kwafi 3, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a wani gari dabam ko a intanet. Mutanen Mubi da Maiha, da suka bar gidajensu da abin da ke jikinsu kaɗai a ƙarshen 2014, ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Muna kuma roƙon Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi da gidajen rediyon Yola su buɗe ƙofa ga duk yaron da ya kawo irin wannan ajiya, su karɓa su adana da sunansa da na mai waƙar.

Waƙarka ta fari ba za ta yi daɗi ba, ta biyar ma sai a hankali. Ka gama kowace ɗaya, ka ajiye, ka kama ta gaba, da koyo akan iya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake ɗaukar 'yan amshi, da yadda mutum uku za su cika kunne kamar su goma. Masu tambaya su ci gaba da aiko da takardunsu, a kuma riƙa faɗin irin kayan da ke hannu don amsa ta zo daidai.